Wa ke da zane, wa ke da kiɗa? Yadda haƙƙin mallaka yake tsakanin masu haɗa wasannin waya

Tun daga ƙarshen shekarar 2023, lokacin da Ma'aikatar Sadarwa da Ƙirƙira da Tattalin Arzikin Zamani ta Tarayya, ƙarƙashin Minista Bosun Tijani, ta ƙaddamar da shirin 3MTT na horas da 'yan Najeriya miliyan uku sana'o'in fasaha, haɗa wasannin waya da kwamfuta da zanen hotuna masu motsi suka shiga jerin darussan da matashi zai iya nema ko daga wace jiha yake. Saboda haka sana'ar da aka saba jin labarinta a Legas, inda kamfanoni irin su Maliyo Games suke tun 2012, yanzu ƙofarta a buɗe take ga ɗan Kankiya da ɗan Kusada, muddin yana da waya ko kwamfuta da kuɗin data.

Sai dai akwai darasin da ba kasafai ake koyar da shi tare da sarrafa manhaja ba, kuma shi ne ya fi raba abokai. Wasa ɗaya aikin hannu da yawa ne. Idan ya fara kawo kuɗi, ko kuma aka ɓata, tambayar da ke tasowa ita ce: wa ya mallaki me, kuma wa ya ba wa izini? Amsar ta shafi iyayen da ke saya wa 'ya'yansu kwamfuta, da 'yan kasuwar da ake roƙo su zuba jari, da ma'aikatan gwamnatin da ke irin wannan aiki bayan an tashi ofis.

Wasa ɗaya, dukiya iri-iri

A ɗauka, a matsayin misali, matasa uku sun haɗa kai domin mayar da wasan dara cikin waya. Ɗaya a Kankiya shi ke rubuta manhajar. Na biyu a Kusada shi ke zana gurabun dara da 'ya'yanta da fuskokin 'yan wasa. Na uku yana karatu a Katsina, shi ya haɗa kiɗan da ke tashi idan an ci. Duk abin da kowa ya gama sai ya tura a zauren WhatsApp, kuma ba a taɓa rubuta komai ba, domin tare suka tashi.

A idon mai wasa abu ɗaya ne. A idon doka kuwa dukiya ce iri-iri da aka ɗaure wuri guda. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta lissafa manhajar kwamfuta cikin ayyukan adabi, zane cikin ayyukan fasahar hannu, kiɗa cikin ayyukan waƙa, sautin da aka naɗa kuma yana da nasa matsayin daban. Kowane ɗaya yana samun kariya da zarar an samar da shi a wata siga tabbatacciya, ko da fayil ne a cikin waya. Rajista a Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya tana da amfani wajen kafa hujja, amma ba ita ke haifar da haƙƙin ba.

Ƙa'idar farko ita ce haƙƙi na wanda ya ƙirƙiri aikin ne, sai idan akwai yarjejeniyar da ta ce akasin haka. Ke nan zanen ɗan Kusada nasa ne ko bayan ya tura shi, kamar yadda mai keke bai rasa kekensa ba don ya ba maƙwabci ya je kasuwa da shi. Biyan kuɗin aiki ma, shi kaɗai, ba ya nufin an sayi haƙƙin. Ga ma'aikata kuma akwai abin lura: aikin da aka yi bisa umarni ko kulawar gwamnati ko wata hukumarta, na gwamnati ne idan babu wata yarjejeniya.

Akwai wani kulli kuma. A fim, doka tana kallon wanda ya yi tanadin shirya aikin a matsayin mai shi, shi ya sa furodusa ke da ƙarfi a Kannywood. Wasan waya yana da ɓangaren manhaja, yana kuma da ɓangaren hoto mai motsi da sauti, don haka kowane ɓangare na iya samun hujjar da zai riƙe idan aka je gaban alƙali. Takarda ɗaya da aka sa wa hannu tun farko ita ke hana a kai ga haka.

Sayarwa, haya da aro

Duk wanda ya san kasuwa ya riga ya san tsarin izini, sunaye ne kawai suka bambanta. Hanya ta farko ita ce sallama haƙƙi baki ɗaya, wato sayarwa: mai zane ya karɓi kuɗinsa, zanen ya bar hannunsa, ba zai ƙara sayar wa wani ba. Ta biyu ita ce lasisi na keɓe, kamar ba da hayar shago ga mutum ɗaya: zanen yana nan na mai shi, amma babu wanda zai yi amfani da shi cikin wa'adin sai wanda aka ba. Ta uku ita ce lasisin da ba na keɓe ba, inda mai kiɗa zai bar wannan wasa ya yi amfani da kiɗansa, gobe kuma ya bar wani.

Dokar ta ce sayarwa da lasisi na keɓe ba su da tasiri sai a rubuce. Na ukun ne kawai ake iya bayarwa da baki, ko a fahimce shi daga yadda mutum ya yi mu'amala. Ma'anar wannan ga matasan misalinmu ita ce, abin da mai rubuta manhaja ya samu daga saƙonnin WhatsApp bai wuce izini mafi rauni ba. Mai zanen na iya sayar wa wani kamfani zanen nan gobe, kuma mai zuba jari mai hankali ba zai sa kuɗinsa a kan dukiyar da ba a san iyakarta ba. Ko bayan an sayar, marubuci ko mai zane yana da haƙƙin a ambaci sunansa, da haƙƙin ƙin amincewa da a gurɓata aikinsa ta hanyar da za ta zubar masa da mutunci.

Darasin Tetris

Tarihin wannan sana'a cike yake da misalai. A 1984 Alexey Pajitnov ya ƙirƙiri wasan Tetris a wata cibiyar kwamfuta ta gwamnati da ke Mosko, zamanin Tarayyar Sobiyet. Wasan ya bazu daga hannu zuwa hannu, wani dillali a Ingila ya shiga sayar wa kamfanoni izininsa tun kafin ya kammala yarjejeniya da hukumar Sobiyet mai kula da cinikin manhaja, waɗanda suka saya su ma suka sayar wa wasu. A 1989 kamfanin Nintendo na Japan ya samu izini kai tsaye daga Mosko, wata kotu a Amurka kuma ta hana kamfanin Tengen sayar da nasa samfurin bayan ya riga ya shiga kasuwa. Shi kansa Pajitnov bai fara samun kason ciniki ba sai 1996. Wanda ya sayi izini daga hannun wanda ba shi da shi, kamar wanda ya sayi fili ne daga wanda ba nasa ba.

A 2021 kuma wata mai ɗaukar hoto a Amurka, Judy Juracek, ta maka kamfanin Capcom a kotu, tana zargin an yi amfani da hotunan da ke cikin littafinta a wasanni irin su Resident Evil 4 ba tare da lasisi ba. An sasanta a 2022. Sayen littafi ko sauke hoto daga intanet ba izinin kasuwanci ba ne.

Kayan kyauta ma suna da sharaɗi

Yawancin masu farawa ba sa ƙirƙirar komai da komai, suna ɗibar zane da sauti daga shafukan da ke bayarwa kyauta. Da yawa daga cikin waɗannan kaya suna ƙarƙashin lasisin Creative Commons, wanda aka fara fitarwa a 2002, kuma haruffan da ke jikinsa su ne sharuɗɗan. Alamar BY na nufin a ambaci mai aikin. SA na nufin duk abin da aka sarrafa daga aikin a sake shi bisa irin wannan sharaɗi, tsarin da Wikipedia ta Hausa ke bi. NC ta hana kasuwanci, don haka wasan da ke nuna talla ko ake sayarwa ya nisance ta. ND ta hana yaɗa aikin bayan an sauya masa kama. CC0 kuwa tamkar rijiyar waƙafi ce, kowa ya ɗiba.

Hatta salon haruffan rubutu yana da lasisi. Mai haɗa wasa da Hausa yana buƙatar salon da ke ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ, kuma akwai irinsu da aka saki kyauta ƙarƙashin buɗaɗɗen lasisi, kamar Andika da Noto.

Waƙar Shata da kayan gargajiya

Babban jarabi ga ɗan wannan yanki shi ne ya ɗora muryar Alhaji Mamman Shata a wasansa. Shata ɗan Musawa ne, ya kuma taɓa zama kansila a Ƙaramar Hukumar Kankiya a shekarun 1970, don haka mutanen yankin suna jin waƙoƙinsa kamar gadon gida. Amma ya rasu a 1999, kuma kariyar waƙa tana ɗorewa shekara 70 bayan ƙarshen shekarar rasuwar mai ita, wato har ƙarshen 2069. Sautin da aka naɗa a faifai yana da tasa kariyar ta shekara 50. Neman izini a nan yana iya kai mutum ƙofa biyu: magada da kuma wanda ya mallaki naɗin.

Dokokin wasan dara su kansu ba na kowa ba ne, domin doka ba ta kare tunani ko tsari, siffar da aka fitar da shi take karewa. Kowa na iya haɗa tasa darar, amma ba da zanen wani ba. Sai dai waƙoƙin gargajiya da kiɗa da raye-raye da zane-zanen al'ada suna da wani babi na musamman, wanda ya ɗora wa hukumar haƙƙin mallaka ikon ba da izini idan za a yi kasuwanci da su a wajen muhallinsu na al'ada.

Samun lasisi kuma ba ya ɗauke nauyin duba abin da aka ɗauko. A watan Oktoba na 2008 kamfanin Sony ya jinkirta sakin wasan LittleBigPlanet, ya janye kwafin da aka riga aka rarraba wa shaguna, bayan an gano cewa wata waƙar makaɗin Mali Toumani Diabaté da aka saka a ciki tana ɗauke da lafuzzan Alƙur'ani. Izinin doka yana nan, abin da aka rasa shi ne mai sauraro da ya san abin da ake faɗa.

Mabuɗin rumbu

Bayan izinin doka akwai izinin na'ura, kuma mutane kan rikita su. Ma'ajiyar fayil irin su Google Drive tana bambanta mai kallo da mai sharhi da mai gyara, GitHub ma yana da matakai daga karatu zuwa cikakken iko. Ba mutum damar gyara fayil bai sa ya mallake shi ba, haka nan toshe masa hanya bai ƙwace masa haƙƙin abin da ya ƙirƙira ba. Hikima ita ce a ba kowa gwargwadon abin da aikinsa ke buƙata, a daina yawo da kalmar sirri ɗaya tsakanin mutum biyar.

Mafi hatsari shi ne asusun da aka ɗora wasan a kansa. Buɗe asusun mai haɗa manhaja a Google Play dala 25 ne sau ɗaya, na Apple kuwa dala 99 a shekara, kuma kuɗin ciniki yana zuwa ne ga wanda asusun ke hannunsa. Idan da sunan mutum ɗaya aka buɗe, shi ke riƙe da mabuɗin rumbu. A ɗaya gefen, abokin aikin da aka ɓata wa rai na iya shigar da ƙorafin keta haƙƙi a sauke wasan, kuma dokar 2022 ta tanadi tsarin sanarwa da sauke abin da aka ɗora a intanet ba bisa izini ba.

Abin da takardar za ta ƙunsa

Ba dole sai doguwar yarjejeniya ba, ko da yake shawarar lauya tana da kyau idan kuɗi masu kauri za su shigo. Shafi ɗaya na iya bayyana abin da kowa ya kawo, da ko sayarwa ce ko lasisi, da tsawon wa'adi, da kason kowa bayan an cire na kasuwar manhaja, da sunan mai riƙe asusu, da makomar aikin wanda ya fita daga tafiyar. A haɗa da jerin duk abin da aka ɗauko daga waje, da inda aka samo shi, da lasisinsa. Idan tafiya ta yi nisa, a yi wa kamfani rajista a Hukumar Rajistar Kamfanoni, kowa ya sallama masa haƙƙinsa a rubuce, ya karɓi hannun jari.

Wasu kan ga neman sa hannu tsakanin abokai kamar rashin yarda ne. Amma aya mafi tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, umarni ce ga muminai su rubuta bashin da ke tsakaninsu. Lokacin da ya fi sauƙin rubutawa shi ne kafin wasan ya kawo ko sisi, sa'ad da babu abin da ake rabawa tukuna sai fata.