Abin da ya kamata ku sani: fargabar sauyin yanayi da yadda mutanen Hartum da Umdurman ke kwantar da zuciya

Wanda ruwa ya taɓa cinye wa gida ba ya kallon hadari yadda sauran mutane ke kallonsa. Wasu na murnar damina ta sauka, shi kuwa gabansa ne ke faɗuwa, barci ya ƙaurace masa, kunnensa na kan katanga. Masana halayyar ɗan Adam suna kiran wannan hali fargabar sauyin yanayi. Ba taɓin hankali ba ne, damuwa ce mai dalili. A 2021 wani bincike ya tambayi matasa 10,000 a ƙasashe goma, har da Najeriya, kashi 59 cikin ɗari suka ce lamarin yanayi yana damunsu ƙwarai.

Mazauna babban birnin Sudan sun san wannan fargaba tun kafin a raɗa mata suna. Garin yana daidai inda Farin Nilu da Shuɗin Nilu suka haɗu: Hartum a kudu, Bahri a arewa, Umdurman a yamma. Da bazara zafi kan haura digiri 40, ga guguwar ƙura da suke kira habub, wadda kan taso kamar bango ta mai da rana dare. A farin 1984 zuwa 1985, mutanen Kurdufan da Darfur waɗanda dabbobinsu suka mutu sun kwararo suka yada zango a Muwailih, yammacin Umdurman. A watan Agustan 1988 ruwan sama ya rushe unguwanni, fiye da mutum miliyan ɗaya suka rasa matsuguni. A 2020 kuwa Shuɗin Nilu ya cika ya haura mita 17 da rabi a Hartum, abin da ba a taɓa aunawa ba, har gwamnati ta ayyana dokar ta-ɓaci ta wata uku. Yawancin ruwan daga tsaunukan Habasha yake gangarowa, kuma duk sa'ad da iska ta ƙara ɗumi da digiri ɗaya, tana iya ɗaukar ƙarin tururin ruwa kusan kashi 7 cikin ɗari, sai ta juye shi lokaci guda. Gini a kan hanyar ruwa da toshewar magudanai su ne ke ƙara wa Barno dawaki.

To, ina mutum zai kai zuciyarsa a irin wannan gari?

Shekara da shekaru, har zuwa ɓarkewar yaƙi a Afrilun 2023, amsar dubban mutane ita ce filin ƙubbar Shehu Hamad al-Nil a Umdurman, wani shehin Ƙadiriyya na ƙarni na 19. Kowace Juma'a bayan La'asar, in ba a watan azumi ba, muridai kan shigo da tutoci, sanye da jabbobi kore da ja masu faci-faci, carbi rataye a wuya. Sai a yi babbar da'ira. Ganguna su fara a hankali, jama'a na rausayawa gaba da baya, ana ambaton Allah da numfashi ɗaya. Wani dattijo yana zagayawa da kaskon turare, kowa ya janyo hayaƙin da hannu zuwa fuskarsa. Kiɗan ya yi ta ƙara sauri har wasu su shiga tsakiya suna juyi da ƙafa ɗaya. Da an kira Magariba sai komai ya tsaya cak, a yi sahu. Duk wanda ya taɓa tsayawa a Maukibin Ƙadiriyya na Kano ya ji bugun bandiri a ƙirjinsa, ba zai ji baƙunta ba.

Abin lura shi ne filin yana cikin maƙabarta ne. Mai zikiri yana rausayawa yana kallon kaburbura, ba yadda za a yi ya mance ƙarshensa. Sufaye suna kiran wannan muhasaba, wato mutum ya yi wa kansa hisabi: me nake tsoro, me ke hannuna, me ke hannun Allah? Maimaita kalma ɗaya da daidaita numfashi suna sassauta tunanin da ke kai-komo, kafaɗar maƙwabci kuma tana tuna masa cewa ba shi kaɗai ke ɗauke da kayan ba. Na san akwai malaman da ba su yarda da kiɗa a cikin ibada ba, kuma saɓanin tsoho ne, a Sudan da nan gida. Ko wanda bai yarda ba, a ganina, zai amince cewa damuwar da aka ƙulle a ɗaki ta fi cin rai.

Umdurman kuma gidan waƙa ne. Nan salon haƙiba ya tashi a shekarun 1920, zamanin su Khalil Farah, nan aka buɗe gidan rediyon ƙasar a 1940. Mace ta farko da ta rera waƙa a wannan rediyo ita ce A'isha al-Fallatiya, jinin mutanenmu na Afirka ta Yamma da suka zauna a kan hanyar hajji, kuma ta yi waƙa da Larabci da Hausa.

Amma inda kiɗa da ambaliya suka haɗu ido da ido shi ne tsibirin Tuti, a tsakiyar mahaɗar kogunan biyu. A 1946 kogi ya yi cikar da aka zaci zai shafe tsibirin. Mutanen Tuti suka ƙi tashi, suka tare ruwan da ƙasa da buhuna da ƙarfin jikinsu. Daga nan aka samu waƙar jarumtakarsu, wadda ta shahara a bakin Hamad al-Rayyah, ɗan tsibirin, kuma akan rera ta duk shekarar da ruwa ya kawo. Kafin yaƙin 2023 suna da tsarin gadi da suke kira taya. Ba kalmarmu ba ce, amma ma'anar ta zo daidai, domin taya juna ake yi. Ana kasa gaɓar kogi gida-gida, kowace tawaga da rumfarta, a kwana ana duba ruwa. In wani wuri ya ɓalle, sai a buga ganga, a busa usur, a sanar ta lasifikar masallaci, kowa ya fito da shebur. Mata na kawo shayi da abinci, ana waƙa don kada barci ya ɗauke masu gadi. Yaron da ya tashi a haka yana tsoron kogi, amma ya san abin da zai yi da tsoron.

Irin wannan aikin gayya Sudanawa suna ce masa nafir, kuma sunan da matasan Hartum suka ɗauka ke nan lokacin da suka haɗu don agajin ambaliyar 2013. Da yaƙi ya zo, ɗakunan girkin unguwa da suka ciyar da jama'a a Umdurman an kira su takaya, sunan da aka aro daga wuraren ciyarwa na shehunan ɗariƙa.

Ganga ba ta yashe kwalbati, waƙa ba ta gyara madatsar ruwa. Wannan haƙƙi ne a wuyan hukuma, kuma mutanen Maiduguri da madatsar Alau ta ɓalle musu a Satumban 2024 sun fi kowa sanin haka. Amma mai karatu, idan kana da maƙwabcin da ba ya barci in hadari ya haɗo, kada ka ce masa raunin imani ne. Ka ja shi zuwa majalisi ko masallaci, ku zauna da mai unguwa kafin damina ta faɗi, ku san wanda zai yi gadin ruwa da wanda zai tashi jama'a.