Littafin soyayyar matasa biyu masu cutar daji da ke sa masu karatu kuka

A watan Yulin 2014 aka wayi gari wani bencin katako da ke bakin ruwa a birnin Amsterdam na ƙasar Holand ya yi ɓatan dabo, har sai da hukumomin birnin suka kawo wani. A kan bencin ne aka ɗauki wani ɓangare na fim ɗin The Fault in Our Stars, kuma tun daga lokacin masoyan labarin ke zuwa wurin suna ɗaukar hoto, wasu su bar rubutu a jikin katakon.

Fim ɗin ya samo asali ne daga littafin da marubucin Amurka John Green ya fitar a watan Janairun 2012. Labarin Hazel ne, 'yar shekara 16, wadda cutar daji ta fara kamawa a wuya sannan ta bazu zuwa huhu, ba ta iya zuwa ko'ina sai da tukunyar iskar oksijin. A wani taron matasa masu irin wannan lalura a birnin Indianapolis ta haɗu da Augustus, ɗan shekara 17, wanda cutar dajin ƙashi ta sa aka yanke masa ƙafa ɗaya.

Wanda ya buɗe littafin ya riga ya shirya wa mutuwar Hazel, domin ita ce numfashi ke yi wa wuya tun shafin farko. Augustus kuwa ya samu sauƙi, ga barkwanci, ga ƙarfin hali. Sai da suka je Amsterdam ya faɗa mata cewa cutar ta dawo ta mamaye jikinsa. Shi ne ya riga ta. Kafin ya cika, ya tara Hazel da abokinsa Isaac, wanda cutar ta raba da idanunsa, ya ce su karanta jawaban da suka rubuta don ranar jana'izarsa, yana zaune yana ji.

A nan hawaye kan zuba. Amma abin da ya fi taɓa duk wanda ya taɓa jinyar ɗan'uwa yana can cikin gidan su Hazel. Yarinyar ba ta cika tsoron mutuwa ba kamar yadda take tsoron halin da iyayenta za su shiga, ga shi ita kaɗai suka haifa. Tana janye jiki daga mutane don kada rasuwarta ta yi musu ciwo. Da ta gano mahaifiyarta na karatu a ɓoye don ta riƙa taimaka wa iyalan marasa lafiya, kukan murna ta yi, domin ta tabbata uwar na da abin da za ta riƙe bayan ta tafi. Mara lafiya ne ke lallashin masu jinya, abin da ba kasafai ake faɗa a fili ba.

Green bai tsinci wannan a iska ba. Ya taɓa aikin lallashin marasa lafiya a wani asibitin yara a jihar Ohio, kuma ya sadaukar da littafin ga Esther Earl, matashiyar da suka saba, wadda irin cutar Hazel ta yi ajalinta a 2010 tana da shekara 16.

Ba kowa ne ya yaba ba. A farkon 2013 jaridar Daily Mail ta Birtaniya ta soki irin waɗannan littattafai, tana ganin ana cin kasuwa da ciwon yara. Sukar na da abin dubawa: maganin da ke riƙe da ran Hazel ƙirƙirarsa marubucin ya yi, babu shi a duniya, kuma fim ɗin ya tara sama da dala miliyan 300. Sai dai littafin bai yi wa cutar kwalliya ba. Ya nuna Augustus cikin dare a gidan mai, yana amai yana kuka, ya kasa ko da sayen kwalin sigari da kansa.

Masu kallon fina-finan Indiya sun san labarin da sunan Dil Bechara. Jarumin da ya fito a matsayin saurayin, Sushant Singh Rajput, ya rasu ranar 14 ga Yunin 2020, aka saki fim ɗin ranar 24 ga Yuli, kwana 40 cif bayan rasuwarsa. Masu kallo suka zauna suna ganinsa yana sauraron jawabin bankwanan da aka rubuta masa.