Fartanya Daidai Jikinka: Shin Awo Yana Biyan Kuɗinsa?

Idan za ka ɗinka rigar Sallah, ba ka yarda tela ya sa almakashi sai ya auna ka: kafaɗa, hannu, tsawo. Rigar nan kuwa sau nawa za ka sa ta a shekara? Amma fartanyar da za ka yi wata uku zuwa huɗu kana duƙe a kanta, kasuwa kawai kake shiga. Ka ɗaga biyu ko uku, ka ƙwanƙwasa ruwan ka ji ƙararsa, ka taya, a sallama, ka saɓa a kafaɗa. Dogo da gajere, saurayi da dattijo, duk tsibi ɗaya ake zaɓa.

Tambayarmu ta yau ita ce: ya dace ka je wajen maƙeri da masassaƙi a yi maka fartanya daidai jikinka, ko kuwa iyayi ne kawai da ɓata kuɗi?

Darasi daga filin ƙwallon lambu

Abin da ya tayar min da tambayar wani wasa ne da bai dami mutanenmu na Tofa ba, wato ƙwallon lambu, wanda aka fi sani da golf. A Kano ma akwai filinsa tun zamanin Turawa. Ɗan wasa yana da damar ɗaukar sanduna har 14, amma akwai guda ɗaya da ta fi kowacce aiki: sandar ƙarasawa, wadda ake gangara ƙwallo da ita cikin rami idan an matso kusa. A cikakken fili mai ramuka 18, lissafin ƙwararre bugu 72 ne, kuma an ware 36 daga ciki, biyu a kowane rami, don wannan sanda kaɗai. Rabin wasan kenan.

A kanti, yawanci tsawo uku ake samunta: inci 33, 34 da 35. To amma 'yan wasa ba tsawo uku ba ne, shi ya sa ake da masu sana'ar awo. Ka biya su, su duba tsayuwarka da inda hannuwanka suke sauka, su rage ko su ƙara tsawon sandar, su lanƙwasa wuyanta har gindinta ya zauna daram a ƙasa, su sauya kaurin mariƙi.

Me ya sa ake wannan wahala? Lissafi ne. Faɗin ramin santimita 10.8 ne. Idan kana nesa da shi da mita 3, fuskar sandar ta karkace da digiri ɗaya tak, ƙwallon zai kauce da kusan santimita 5, wato ya kai gaɓar ramin. Ƙara kaɗan, ya wuce.

Sai dai labarin yana da ɗaya gefen. A 2008 wasu masu bincike a Norwe sun auna bugun ƙwararrun 'yan wasa, suka ga cewa kaucewar da ke fitowa daga motsin hannunsu ƙarama ce ƙwarai. Inda aka fi yin asara shi ne wajen karanta gangaren fili da saita ido. Ka ga kenan sandar da aka auna tana cire maka cikas ɗaya, amma ba ta koya maka wasa. Riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Sara dubu hamsin

Mu koma gona. Tofa tana cikin yankin nan da ke kewaye da birnin Kano inda gona take manne da gona, ba a barin saura, kuma kowace shekara sai an noma. Masanin ƙasa Michael Mortimore ya yi shekaru yana nazarin wannan yanki tun daga shekarun 1960. Gonakinmu ƙanana ne, kuma a haɗe muke shuka: gero, dawa, wake, gyaɗa. Ko da an yi huɗa da shanu ko an sa maganin ciyawa, tsakanin tushe da tushe sai fartanya.

Zo mu yi ɗan lissafi tare. A hekta ɗaya, idan tazarar kunya da kunya santimita 75 ce, ka haɗa tsawon kunyoyin duka za ka samu sama da kilomita 13. Mu ƙaddara kowane sara yana share santimita 25. Sara sama da dubu hamsin kenan a noman firi kaɗai, ba a zo maganar maimai ba.

Abin da ake maimaitawa sau dubu hamsin, ƙaramin aibinsa ba ƙarami ba ne. A ce fartanyarka ta fi abin da kake bukata nauyi da giram 200 kacal. Ninka sau dubu hamsin, ka samu kilo dubu goma. Buhu ɗari kenan na hatsi, mai kilo ɗari-ɗari, da ka ɗaga kaɗan-kaɗan ba tare da ka sani ba.

Abin da duƙo yake yi wa baya

Ba banza ake wa noma kirari da "na duƙe" ba. Ɗauki jarkar ruwa ka rungume ta a ƙirji, sannan ka riƙe ta da hannu a miƙe. Nauyin bai sauya ba, amma na biyun ya fi wuya, domin kayan ya yi nisa da inda ake tallafe shi. Haka bayanka yake. Daga ƙugu zuwa kai, jikinka ya fi rabin nauyinka. Kana tsaye, wannan nauyi a kan ƙashin baya yake zaune kai tsaye. Da ka duƙa, sai ya koma gaba, tsokokin baya su riƙe shi kada ka kifa. Su kuma tsokokin nan kusa da ƙashin suke ƙwarai, tazarar ba ta wuce kimanin santimita 5 ba.

Mutum mai kilo 65, saman jikinsa zai kai kilo 40. Idan ya duƙa tsakiyar nauyin ta yi gaba da santimita 25, tsokokin sai sun ja da ƙarfin da ya ninka sau biyar, wato kamar kilo 200. Duk wannan jan yana matse faifan guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan ƙasan baya.

An auna wannan a jikin mutum mai rai. A 1999 Hans-Joachim Wilke da abokan aikinsa a Jamus sun sa na'urar awo a cikin faifan bayan wani mutum. Da ya duƙa gaba, matsin ya ninka na tsayuwa sau biyu da ɗoriya. Da ya ɗaga kilo 20 da baya a lanƙwashe, ya ninka fiye da sau huɗu. Mutum ɗaya aka auna, amma sakamakon ya tafi daidai da lissafin da muka yi yanzu.

A jihar Kalifoniya ta Amurka maganar har kotu ta kai. Leburorin gona sun yi ta kukan guntuwar fartanyar da ake tilasta musu aiki da ita a duƙe wuni guda, likitoci suka ba da shaida, aka haramta ta a 1975.

To a yi wa kowa doguwar ƙota mana?

Ba nan take ba. Guntuwar ƙota tana da dalilinta. Tana ba ka iko ka bi tsakanin gero da wake ba ka sare shuka ba, hannunka ɗaya kuma yana kusa da ƙasa yana tsince ciyawa yana kakkaɓewa. Kakanninmu ma sun san cewa kowane aiki da tsawonsa: sungumi dogo ne domin a tsaye ake saran shuka, garma kuwa ginin ta daban don ɗaga ƙasa. A arewa da mu, wajen Maraɗi da Damagaram, akwai doguwar hauyar da ake turawa a tsaye, amma tana aiki ne saboda ƙasarsu rairayi ce, kuma yawanci ba kunya ake yi ba. Ka kawo ta fadama mai laka, za ka sha mamaki.

Saboda haka ba doguwa ake nema ba, daidai ake nema. Matsalar kuwa ita ce "daidai da kowa" babu shi. A 1950 rundunar sojan saman Amurka ta auna jikin matuƙa jirage 4,063. Wani matashin jami'i, Gilbert Daniels, ya ɗauki awo goma, kamar tsawo, ƙirji da tsawon hannu, ya duba mutum nawa ne suke tsaka-tsaki a duka goman. Ko ɗaya babu. Daga nan aka koma yin kujerun jirgi masu matsawa gaba da baya. Maƙerin da ke ƙera fartanya hamsin don ranar kasuwa, wa yake yi wa? Wannan mutumin tsaka-tsakin da babu shi.

Abubuwa huɗu da ake aunawa

Na farko, tsawon ƙota. Mutum biyu masu tsawo ɗaya suna iya bambanta a tsawon hannu, don haka ba a aunawa da ido. Ka tsaya yadda kake noma, gwiwa a ɗan sake, ka sara. Idan sai ka ninke bayanka kamar baka kafin ruwan ya kama ƙasa, ƙotar ta yi maka gajarta.

Na biyu, kusurwar da ke tsakanin ruwa da ƙota. Wannan ne aka fi mantawa, kuma shi ne takwaran lanƙwasa wuyan sandar ƙwallon lambu. Idan dogo ya riƙe fartanyar gajere, ƙotar tana miƙewa sama, ruwan ya kwanta, ya riƙa shafar ƙasa bai ci ba. Dole dogon ya ƙara duƙawa ya sauke hannunsa. Idan gajere ya riƙe ta dogo, ruwan yana tsayawa, ya riƙa kafewa cikin ƙasa, kowane sara sai an fizgo. Maƙeri yana gyara wannan da wuta ɗaya da 'yan dukan guduma.

Na uku, nauyi da faɗin ruwa. A jigawa mara nauyi mai faɗi ta fi, domin ƙasar ba ta gardama. A ƙasa mai tauri nauyin yana taimaka maka, shi ke shigar da ruwan. Kenan gonar ma ana auna ta, ba mai gonar kaɗai ba.

Na huɗu, kaurin ƙota. Masana aikin hannu sun daɗe da gano cewa damƙa ta fi ƙarfi idan kaurin mariƙi yana wajen santimita 3 zuwa 4. A aikace, ka damƙa ka gani: babban yatsa ya ɗan hau kan manuni. Idan ba su haɗu ba ta yi kauri, hannu zai gaji da wuri. Idan yatsun sun nutse cikin tafin hannu ta yi siriri, za ta riƙa juyawa, ga kanta ga bororo.

Na taɓa kai wa wani dattijon maƙeri a garinmu tsohuwar fartanyar kawuna don a sake mata ƙota. Kafin ya ce komai sai ya juya ta, ya duba inda hannu ya goge itacen har ya yi sheƙi, ya duba bakin ruwan. Ya ce, "Ɗana, mai wannan dogo ne ko?" Na ce, "Ƙwarai kuwa, Baba. Yaya aka yi ka sani?" Ya ce, "Ga shi can ƙarshen ƙota yake riƙewa, har tana neman kuɓuce masa." Ba shi da na'ura, amma awon da ya yi shi ne wanda ake biyan daloli a yi wa 'yan wasa.

Wa ya fi bukata?

Idan tsawonka matsakaici ne, fartanyarka tana ci ba tare da ka yi kokawa da ita ba, kuma kana tashi gona da gajiya irin ta kowa, ka bar ta. Awo ba zai ƙara maka wani abin kirki ba.

Wanda ya fi cin riba shi ne wanda ya yi nisa da tsakiya: dogo sosai, gajere sosai, dattijon da bayansa ya fara ƙara, da ɗan ƙwadagon da fartanya ce jarinsa tun daga shuka har girbi. Sai kuma waɗanda ba a taɓa tambayarsu ba. Wani bincike da hukumomin IFAD da FAO suka fitar a 1998, a ƙasashen Burkina Faso, Senegal, Uganda, Zambiya da Zimbabuwe, ya nuna cewa mata manoma da yawa suna aiki ne da kayan da aka ƙera ba tare da an yi la'akari da jikinsu ba, kuma a wasu wuraren ana ɗaukar noma a tsaye a matsayin lalaci. A wajenmu ka duba yara. Ɗan shekara goma sha biyu ana miƙa masa fartanyar babansa, nauyi da kauri duk na babba, sannan a ce ba ya sauri.

Maganar kuɗi kuma, a nan manomin Tofa ya fi ɗan wasan Amurka sa'a. Shi sai ya nemi gwani na musamman ya biya kuɗin awo daban. Kai kuwa mai ƙera kayan yana nan kusa, kuma sau da yawa ba sai ka sayi sabuwa ba: sauya ƙota ne, ko buɗe kusurwa kaɗan. Ka kwatanta wannan da kwana uku a kwance a tsakiyar noman firi, ciyawa tana cin gero, kana biyan 'yan ƙwadago.

Amma ka tuna binciken Norwe. Fartanyar da ta dace da kai ba ta maye gurbin wasa baki, ko sauya hannu, ko miƙewa ka huta lokaci-lokaci. Ba ta kuma warkar da ciwon da ya riga ya kama. Idan ciwon baya yana sauka ƙafa, ko ƙafar tana mutuwa, wannan aikin asibiti ne, ba na maƙera ba.

Idan za ka gwada, ka je da rani kafin layi ya yi tsawo a maƙera. Ka tafi da tsohuwar fartanyarka, domin ita ce shaidarka. Ka faɗa wa maƙeri irin ƙasar gonarka. Kada ka karɓa sai ka yi sara goma ko ashirin a ƙasa a gabansa, ya ga duƙonka da idonsa. Idan da yaron da ke taya ka noma, ka tafi da shi, a auna shi shi ma.