Mai Umara, Ka San Jirgin Ƙasan Haramaini Kafin Ka Sauka Jidda

Da zarar azumi ya ƙarato, zancen Umara kan mamaye majalisu daga kasuwar Jega har rumfunan albasa na Aliero da gonakin Maiyama. Wane ya biya wa mahaifiyarsa, wane zai tafi da uwargida, wane kuma karo na huɗu ke nan. Cikin 'yan shekarun nan an samu ƙarin magana a bakin waɗanda suka dawo: "Ai jirgin ƙasa muka hau daga filin jirgi, kafin ka ce kwabo muna Makka." Gaskiya suka faɗa. Sai dai akwai abubuwan da ba su cika faɗa ba, kuma su ne ke sa dattijo ya tsaya cirko-cirko da harami a jikinsa, tikiti ya ƙone, kaya sun yi yawa, ba wanda zai tambaya.

Mu fara raba zare da abawa. Maniyyacin Hajji da ya biya ta hukumar jin daɗin alhazai ta jiha ba shi da wannan damuwa sosai. Daga filin jirgin Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa ake ɗaukarsa, inda ma jirgin farko na alhazan Nijeriya baki ɗaya na Hajjin 2024 ya tashi a watan Mayun shekarar, kuma in ya sauka motocin da aka tanada ne ke kai shi masauki tare da jami'ai. Mai Umara shi ne sau da yawa yake tafiya shi kaɗai ko shi da iyali, ta Kano ko Abuja, da takardun da ejan ya miƙa masa a ambulan. Da shi nake magana.

Jihar Kebbi ba ta da layin dogo. Mafi kusa da mu a Nijeriya shi ne tsohon layin da ya tuƙe a Ƙaura Namoda, don haka mutanenmu da yawa a Saudiyya za su fara taka jirgin ƙasa a rayuwarsu. Wanda za su taras kuwa ba irin na labarin kakanni ba ne. Jirgin Haramaini ya fara ɗaukar fasinja a watan Oktoban 2018, da lantarki yake aiki, yana gudun da ya kai kilomita 300 a awa, a kan layi mai tsawon kusan kilomita 450 tsakanin Makka da Madina. Tashoshinsa biyar ne: Makka, Sulaimaniyya a cikin garin Jidda, filin jirgin Sarki Abdul'aziz na Jidda, Birnin Sarki Abdullahi kusa da Rabig, sai Madina. Daga filin jirgin zuwa Makka bai cika awa ɗaya ba, zuwa Madina kuma wajen awa biyu. Kada a haɗa shi da jirgin Masha'ir mai zirga-zirga tsakanin Mina da Muzdalifa da Arfa. Wancan na kwanakin Hajji ne kawai.

Tambayar farko da za ka yi wa ejan tun kana gida ita ce: a wane ɓangare na filin jirgin Jidda za mu sauka? Filin yana da ɓangarori daban-daban masu nisa da juna. Tashar jirgin ƙasa tana haɗe da sabon ginin da ake kira Tamina ta 1. In can ka sauka, bayan an buga maka fasfo ka ɗauki kaya, za ka fito wani makeken zaure mai dogon tankin gilashi cike da kifaye masu rai, daga nan alamun jirgin ƙasa za su ja ka har tasha ba tare da ka fita rana ba. Amma in jirginka ya ajiye ka a Taminar Arewa ko ta Alhazai mai rufin tantuna, to sai ka nemi mota ta kai ka Tamina ta 1, kuma wannan tafiya ce da ke cin lokaci da riyal. Tambaya ta biyu: shin kuɗin da na biya ya haɗa da motar da za ta kai ni Makka? Wasu sun riga sun biya kuɗin mota a cikin kuɗin kujera ba su sani ba, su sake sayen tikitin jirgi, direba na can waje yana ɗaga allo da sunansu.

Sai batun lokaci, kuma nan ne na fi jin tsoro ga mutanenmu. Mun saba da tashar Jega, inda mota ba ta tashi sai ta cika, in ka je sallah kwandasta ya jira ka. Wannan jirgi ko kujera goma ce a cike, in lokaci ya yi zai tafi, kuma ana rufe ƙofar shiga kafin lokacin tashin. Tikitin na ɗauke da sunanka da lambar fasfonka da lambar tarago da ta kujera, na jirgi ɗaya ne a sa'a ɗaya. Saudiyya na gaban Nijeriya da awa biyu. In agogon hannunka ya ce ƙarfe uku, a can biyar ta yi. Lissafin awa 24 kuma suke rubutawa, wato 17:00 ita ce biyar na yamma. Wanda zai sayi tikiti tun daga gida ya bar tazara mai faɗi tsakanin saukar jirgin sama da tashin na ƙasa, don layin shige da fice a goman ƙarshe na Ramadan kan ci sa'o'i, balle in jirgin saman ya yi latti tun daga Kano. Ni a ganina gara ka zauna ka jira awa guda a tasha mai sanyi da masallaci, da ka yi ta gudu da tsohuwa a keken guragu.

Ana sayen tikiti ta manhajar jirgin a waya, ko shafinsa na intanet, ko a tagar sayarwa da na'urorin da ke tashar. Kuɗin na hawa da sauka gwargwadon lokaci da irin kujerar, kuma a Ramadan kujeru kan ƙare tun kwanaki kafin ranar. Ba kowane katin banki na naira ke karɓuwa ba, saboda haka a riƙe riyal a hannu. Wanda duk ya tare ka a zaure, ko da Hausa yake yi tsantsa, ya ce yana da tikitin da zai sayar maka, rabu da shi. Tikitin da ba sunanka ba ba zai shigar da kai ba. Kuma kada jin Hausa a baƙuwar ƙasa ya sa ka miƙa wa kowa fasfonka.

Kaya su ne matsala ta gaba. Ƙa'idar jirgin ita ce babbar jaka ɗaya da ba ta wuce kilo 25 ba, mai girman santimita 65 da 55 da 35, sai ƙaramar jakar hannu. Hajiyar da ta taho da jaka uku, da ƙullin garin kunu da yaji da kilishi, ta san cewa za a tsayar da ita, ko dai ta biya a aika mata da ragowar daban ko ta koma neman mota. A dawowa abin ya fi tsanani, bayan an sayi dabino da darduma da jallabiyoyin tsaraba. Iyali mai mutum biyar da kaya niƙi-niƙi, wani lokaci ɗaukar shatar mota ɗaya daga ƙofa zuwa ƙofa ya fi musu sauƙi da arha. Jirgin ya fi dacewa da mai kaya kaɗan. Tun da ana zancen kaya: kada ka karɓi saƙon kowa a filin jirgi, komai kamalarsa. Ana saka jakunkuna a na'urar bincike a tashar jirgin ƙasa ma, kuma hukuncin safarar ƙwaya a Saudiyya yana kaiwa ga kisa.

In ka shiga, duba allon da kyau, don daga tashar filin jirgi wasu jiragen Makka suka nufa, wasu Madina. Mai zuwa Makka zai ga an tsaya a Sulaimaniyya bayan 'yan mintuna, mutane suna ta sauka. Nan Jidda ce har yanzu, zauna abinka.

Tashar ƙarshe kuma ba a ƙofar Harami take ba. Tana unguwar Rusaifa, wajen kilomita uku zuwa huɗu daga Masallaci, sai ka hau bas ko tasi. A daren Ramadan ana toshe hanyoyin da ke kusa da Harami, direba zai sauke ka inda aka tare shi, ka ƙarasa da ƙafa kana jan akwati. Ka sa ejan ya rubuta maka sunan otal da unguwarsa da Larabci a takarda, ko Misfala ce ko Ajyad ko Aziziyya, kuma ku yi ciniki da mai tasi kafin ya saka kaya a but. Tashar Madina ma tana da 'yar tazara daga Masallacin Annabi (SAW), ita ma sai da mota.

Saura mikati. Wanda ya taso daga Nijeriya da niyyar wucewa Makka kai tsaye ya tambayi malaminsa tun a gida inda zai ɗaura niyya, ya kuma ajiye haraminsa a jakar hannu, ba cikin akwatin da aka auna ba. Wanda ya fara da Madina kuwa, mikatinsa Zul Hulaifa ne, wato Abyar Ali. Motar haya na tsayawa a masallacin wurin a yi wanka a yi nafila, amma jirgin ƙasa ba ya tsayawa. Ka yi wankanka ka sa harami a masauki, ka shiga jirgi a shirye, domin ba a daɗe da tashi daga tashar Madina ba ake kaiwa saitin mikatin.