Abin da ya kamata ku sani game da Buda da addininsa

Duk wanda ya taso yana kallon finafinan faɗa na ƙasar Sin ya san mutanen nan masu aski tal-kwabo, masu yafa mayafi ruwan goro, da ake nunawa a gidan ibada na Shaolin. Sufayen addinin Buda ne. Wasu kuma da an ambaci Buda, abin da ke zo musu a rai shi ne gunkin wani mai ƙaton tumbi yana ƙyalƙyala dariya. To, wannan ba shi ba ne. Wani sufin ƙasar Sin ne mai suna Budai, da ake cewa ya rayu wajen ƙarni na 10. Buda na ainihi ba Basine ba ne, bai ma taɓa taka ƙasar Sin ba.

Sunansa Siddata Gotama. An haife shi a Lumbini, cikin ƙasar Nepal ta yau, dab da iyakar Indiya, ɗa ne ga Suddodana, shugaban ƙabilar Sakiya. Tsohon lissafi ya sa rayuwarsa tsakanin shekarar 563 da 483 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), amma masana tarihi da yawa na wannan zamani suna ganin ya rasu wajen shekarar 400. Buda laƙabi ne, ma'anarsa wanda ya farka.

Labarin ƙuruciyarsa kamar yadda mabiyansa ke bayarwa ya cuɗanya da almara, amma ƙashin bayansa a fili yake. Mahaifiyarsa Maya ta rasu yana ɗan kwana bakwai, ƙanwarta ta raine shi. Ya tashi cikin daula, ya yi aure, ya sami ɗa mai suna Rahula. An ce mahaifinsa ya killace shi don kada ya ga wahalar duniya, sai ga shi a fitarsa gari ya ci karo da tsoho tukuf, da majinyaci, da gawa, sannan da wani mai gudun duniya wanda fuskarsa ke cike da natsuwa. Yana ɗan shekara 29 ya sulale da dare, ya bar gida da iyali.

Shekara shida ya yi yana bin malamai, yana azabtar da jikinsa da yunwa har ya zama ƙashi da fata. Da ya ga hakan bai kai shi ko'ina ba, sai ya karɓi abinci, abokan zuhudunsa biyar suka yi fushi suka watse suka bar shi. Ya zauna a gindin wata bishiya dangin ɓaure a wurin da yanzu ake kira Bod Gaya, a jihar Bihar ta Indiya, inda mabiyansa suka yi imani ya gano abin da yake nema yana da shekara 35. Daga nan ya tafi Sarnat kusa da birnin Banaras, ya iske mutanen nan biyar, ya yi musu wa'azinsa na farko.

Wa'azin nan tsarin aikin likita gare shi: gano cuta, gano sanadinta, tabbatar da cewa tana warkewa, sai rubuta magani. Cutar ita ce wahala, wadda ta haɗa da tsufa, da ciwo, da mutuwa, da rabuwa da abin so, da rasa abin da ake buri. Sanadinta ƙishirwar zuciya ce, wato kwaɗayi da maƙalewa abin da ba ya dawwama. Idan ƙishirwar ta mutu wahalar ta ƙare, kuma wannan matsayi shi suke kira nibbana ko nirbana. Maganin kuwa hanya ce mai rassa takwas, waɗanda suka tattaru a abu uku: gyaran hali, horar da zuciya ta hanyar zaman natsuwa, da fahimtar gaskiyar al'amura. Ya kira ta hanyar tsakiya, don ya ɗanɗana daula ya ɗanɗana azabtar da kai, ya ga babu mafita a cikinsu. Wanda ba sufi ba an ɗora masa kiyaye abu biyar: kada ya kashe mai rai, kada ya ɗauki abin da ba a ba shi ba, kada ya yi lalata, kada ya yi ƙarya, kada ya sha abin maye.

Akwai wani labari da ke nuna salon koyarwarsa fiye da kowane dogon bayani. Wata mata mai suna Kisa Gotami ɗanta ya mutu, ta ruɗe, ta rungumi gawar tana bin gida-gida tana neman magani. Da ta zo wurinsa bai yi mata faɗa ba, bai kuma zauna yi mata nasiha ba. Ya aike ta ta samo ƙwayar mastad daga gidan da ba a taɓa yin mutuwa ba. Kowane gida ta shiga akwai ƙwayar, ana ma rige-rigen ba ta, amma da ta yi tambaya sai a lissafa mata uba, ko miji, ko ɗa da aka binne. Kafin rana ta faɗi ta gane da kanta, ta je ta sallami gawar.

A aƙida kuwa, tazarar da ke tsakanin addinin Buda da Musulunci da Kiristanci babba ce, kuma bai kamata a lulluɓe ta ba. Buda bai ce shi abin bauta ba ne, bai ce an aiko shi ba, bai kuma koyar da samuwar Mahalicci ba. Ya yarda cewa ana mutuwa a sake haihuwa, aikin mutum na biye da shi daga rayuwa zuwa rayuwa, amma ya musanta cewa akwai wani ruhi tabbatacce da ba ya canzawa. Abin da ya fi girgiza Indiyar zamaninsa shi ne ƙin yarda cewa asali ke ba mutum daraja. Cikin manyan almajiransa akwai wanzami mai suna Upali, kuma ƙanwar mahaifiyarsa da ta raine shi ita ce mace ta farko da ta shiga sufanci.

Shekara 45 ya yi yana yawo a ƙasa da ƙoƙon bararsa a yankin kogin Ganga. Ya rasu a Kusinara yana ɗan shekara 80, bayan ya ci abinci a gidan wani maƙeri. Bai rubuta ko layi ɗaya ba. Haddace maganganunsa aka yi ta yi baki da baki, sai a ƙarni na farko kafin haihuwar Annabi Isa (AS) aka rubuta su a Siri Lanka da harshen Pali. Gumakansa ma daga baya suka zo: ɗaruruwan shekaru masu sassaƙa ba sa zana siffarsa, sai dai sawun ƙafa, ko kujera babu kowa, ko bishiya.

Wanda ya fitar da addinin daga lungu shi ne Sarki Ashoka, a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Yaƙin Kalinga da ya yi nasara a cikinsa ya zubar da jini mai yawa, ya yi nadama, ya sa aka sassaƙa nadamar a jikin duwatsu, ya tura masu wa'azi ƙasashe. Ginshiƙin da ya kafa a Lumbini yana nan har yau, kuma da'irar nan mai layuka 24 da ke tsakiyar tutar Indiya daga ginshiƙinsa na Sarnat aka ɗauko ta. Daga nan addinin ya yi rassa: Terabada a Siri Lanka, Tailan, Miyanma, Kambodiya da Lawos; Mahayana a Sin, Koriya, Japan da Biyetnam; sai reshen Tibet da ake danganta Dalai Lama da shi.

A ganina babban abin da addinin Buda ya bar wa duniya ta fuskar al'ada shi ne hidimar littafi. Son yaɗa nassosinsa ne ya ingiza aikin ɗab'i a gabashin Asiya. Littafi bugagge mafi tsufa mai ɗauke da kwanan wata nassin Buda ne na shekarar 868, yana ajiye a Landan. A Koriya, cikin ƙarni na 13, an sassaƙa nassosin a kan allunan katako fiye da 80,000, kuma suna nan a gidan ibada na Haeinsa. Tailan har gobe da kalandar Buda take lissafi, shi ya sa shekararsu ta ɗara ta Miladiyya da 543. Tarihin Musulunci ma ya gifta ta nan: Barmakawa, waziran Halifa Haruna Rashid, kakanninsu su ne masu kula da gidan ibadar Buda na Nawbahar a Balkh, cikin Afganistan ta yau.

A Indiya kuwa addinin ya dusashe tun ƙarnoni da suka wuce. Ya ɗan farfaɗo a 1956, lokacin da Dokta Ambedkar, jagoran rubuta tsarin mulkin ƙasar, ya shige shi a Nagpur tare da dubban ɗaruruwan mutanen da ake ƙyama saboda asalinsu. Duk da haka ƙidayar 2011 ta nuna mabiyansa ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na Indiyawa ba.

Mutanenmu da yawa ba su fara jin sunan addinin nan a labarai ba sai ta dalilin Musulmin Rohingya. A 2017 sojojin Miyanma suka afka musu a jihar Rakhine, fiye da 700,000 suka tsere zuwa Bangaladash, bayan wasu sufaye masu tsattsauran ra'ayi irin su Wiratu sun daɗe suna hura wutar ƙiyayya. Waɗannan sun take dokar farko cikin biyar ɗin da malaminsu ya bari, kuma alhakin yana wuyansu da na sojojin da suka yi aikin. Galibin waɗanda suka tsere har yanzu suna zaune a sansanonin gudun hijira na Bangaladash.