Garin Siminti da Tambayar Yara

Duk wanda ya zauna da yaran Malbaza da dare, lokacin da ake kacici-kacici, har wanda amsa ta gagara ya ce ya ba da gari, ya san cewa muhawara ba baƙuwa ba ce a bakin ɗan Bahaushe, ko da bai taɓa jin sunan falsafa ba. Abin da malamin falsafa Matthew Lipman ya yi a Amurka, sa'ad da ya kafa cibiyarsa a Montclair a 1974, shi ne ya shigar da irin wannan zama cikin aji: a karanta hikaya, yara su fitar da mas'ala da kansu, malami kuwa ya kame bakinsa daga fatawa, iyakarsa neman hujja.

To, a Malbaza, garin da masana'antar siminti ta yi wa suna, mas'ala tana kwance a kan allo. In malami ya rubuta "garin siminti", shin Malbaza yake nufi, ko kuwa abin da ke cikin buhu? Harshe ya rarrabe su da jan wasali, amma boko ya haɗe su, alhali ajami, da ake yi wa kallon tsohon yayi, yana iya raba su da alifi guda. Daga nan yaro zai tambaya ko ma'ana a lafazi take ko a zuciyar mai magana, tambayar da malaman manɗiƙi masu karantar da littafin Sullamu na Ahdari suka daɗe suna jujjuyawa a zaurukan Sakkwato da Ƙonni.