Kafin a aske kan injin motarka

A shirinmu na masu abin hawa mun taɓo wani aiki da kusan duk tsohuwar motar da ke bin hanyar Maraɗi zuwa Katsina, ko Ƙonni zuwa Sakkwato, sai ta gamu da shi wata rana, wato aske kan inji. A tsallaken Najeriya za ka ji ana ce wa wannan ƙarfe top silinda, aikin kuma sikimin. A nan gida makanike zai ce maka kulas ce ta lanƙwashe, sai an kai ta wurin masu injin sassaƙar ƙarfe. Duk abu ɗaya ne.

Yawanci daga zafi abin ke farawa. Lagireto ya yi yoyo, ko bel ɗin fanka ya tsinke, inji ya tafasa, kai kuma ka ce bari dai in lallaɓa in kai gari. Kan injin yawancin ƙananan motocin yanzu na alminiyon ne, kuma alminiyon ba ya jure irin wannan. Sai ya ɗan banƙare, gasket ya ƙone, ruwa ya shiga mai, ka ga farin hayaƙi a salansa. Maganin shi ne a ɗora shi a kan inji a kankare fuskarsa har ta koma daidai. To, abin da ba kasafai ake gaya maka ba shi ne, ƙarfen nan da aka kankare, daga ɗakin wutar injinka aka rage shi.

Ga yadda abin yake. Fistan yana sauka ya zuƙo iska da fetur, sa'an nan ya hau ya matse su cikin wani ɗan gurbi da ke ƙarƙashin kan inji, fulogi ya kunna musu wuta. Idan ka haɗa abin da fistan ya zuƙo da girman wannan gurbi, ka raba da girman gurbin, ka samu lissafin matsin injin. Ɗauki inji mai lita 2 da silinda huɗu. Kowace silinda tana zuƙar cc 500. In gurbin ya kai cc 62.5, matsin 9 ne bisa 1. Yanzu a ce faɗin silindar milimita 86 ne, aka aske rabin milimita. An ɗebe wa gurbin abin da ya kusa cc 3, matsi ya doshi 9.4. In aka aske milimita guda cur, ya doshi 9.8. Kaurin katin banki bai ma kai milimita ɗaya ba, amma ka ga inda ya kai lissafin.

Wani zai ce ai wannan riba ce. E, da gaskiyarsa. Ƙarin matsi yana ƙara wa inji ɗan ƙarfi, yana kuma rage shan mai kaɗan, shi ya sa masu motocin tsere ke aske kan inji da gangan ko da lafiyarsa lau. Sai dai su sun san man da za su zuba. Kowane fetur yana da iyakar matsin da zai ɗauka kafin ya fashe da kansa, ana kiran ma'aunin oktan. Motar da aka yi wa kasuwar Turai, irin waɗanda ke shigowa ta Kwatano, an ƙera ta ne da lissafin fetur mai lamba 95. Kwalbar 'yan ruwa-ruwa ko galan ɗin 'yan bumburutu kuwa babu lamba a jikinsu, kuma in an surka da kananzir, lambar ƙasa take yi. Tsofaffin kamfanoni sun san da wannan matsala. Land Rover mai injin fetur na lita 2.25 da kai iri biyu aka fitar da ita, mai matsi 8 da mai matsi 7, na biyun saboda wuraren da mai ba shi da kyau.

In matsi ya fi ƙarfin man, sai ragowar fetur ɗin da wutar fulogi ba ta kai gare shi ba ya fashe farat ɗaya. Za ka ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, musamman in ka yi lodi kana hawan tudu da babbar giya, ga ranar Afrilu a ka. Ba wannan ne nokin ɗin da ake cewa inji ya mutu ba, amma hanyarsa ce: yana cin gefen fistan, yana karya zobe, yana sake ƙona gasket ɗin da ka biya kuɗinsa jiya. Motar zamani tana da na'urar da ke jin ƙarar ta jinkirta wuta, sai ka rasa ƙarfin da kake tsammanin ka samu. Mai kafireto ba ta da wannan gatan.

A ganina, babban laifin shi ne aske wa kai ba tare da awo ba. Makanike na ƙwarai zai fara ɗora miƙaƙƙen ƙarfen awo a fuskar kan, a tsaye da a gicciye, ya zura siraran wuƙaƙen awo a ƙarƙashi. A injina da yawa kamfani bai yarda lanƙwasar ta wuce 0.05 zuwa 0.1 na milimita ba, wato wajen kaurin gashin kai. In ba ta kai haka ba, wanki da sabon gasket sun isa. In ta wuce, a cire iya abin da zai daidaita shi, a tsaya nan. Ka tambaya kuma, an taɓa aske shi a baya? Littafin kowane inji yana faɗin mafi ƙarancin kaurin da kai zai iya kaiwa, kuma kan da aka sayo a Ƙofar Ruwa ko Panteka ba ya zuwa da tarihinsa, sai an auna. Mai son tabbatar da girman gurbin, farantin gilashi mai huda da sirinjin allura da ɗan mai sun ishe shi.

Akwai kuma abin da ke biyo bayan askin. Bawul sun matso kusa da fistan. In kamshaf a saman kai yake, shi ma ya sauko, bel ko sarƙar taimin ta ɗan saki, lokacin buɗe bawul ya ja baya kaɗan. Kan da ya banƙare sosai ma, samansa ya banƙare tare, don haka ko ƙasan ya yi sumul, kamshaf zai riƙa cijewa.

Masu dizal, naku ya fi tsauri. Tsofaffin injinan gazuwal irin na Land Cruiser ɗin da ke bin hanyar Agadas matsinsu yana wajen 22, tazarar fistan da kai kuwa 'yar mitsitsiya ce. Shi ya sa gasket ɗin irin waɗannan injina ke zuwa da kauri daban-daban, da alamar tsaga ko huda a gefe, ana zaɓensa gwargwadon yadda fistan ya leƙo saman bulok. Wasu kamfanonin ma sun hana aske kan dizal ɗinsu sam, sun ce a sauya shi. A na fetur kuwa, in askin ya yi yawa, wasu injinan ana samun gasket mai ɗan ƙarin kauri da zai mayar da gurbin kusa da yadda yake. Sai ka ce wa makanikenka, Malam, a rubuta mini nawa aka cire, ka ajiye takardar tare da takardun mota.